Me ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwar matashi? Fashin baƙi kan shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 50

A Damagaram, idan aka ce ɓarin jikin wane ya shanye, dattijo mai furfura ake kawowa a rai, wanda ya daɗe yana fama da tansiyo. Shi ya sa idan abin ya faɗa wa ɗan kabu-kabu mai shekara 28, ko mai jegon da ba ta yi arba'in ba, sai zance ya karkata: iska ce ta buge shi, jifa aka yi mata, ya taka wani abu a bakin tabki da magariba. Kafin a gama hayaƙi da shafe-shafe an ci kwana biyu ko uku, sannan a ɗauko shi zuwa likita ana cewa, "Likita, yaro ne fa, ina shi ina ciwon tsofaffi?"

Ciwon da ma'aikatan lafiya ke kira AVC iri biyu ne. Ko dai jijiyar jini ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, ko kuma ta toshe, jini ya daina kai wa wani sashe. A ido duk ɗaya suke, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, amma maganin wannan yana iya kashe mai wancan. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 4 na masu wannan ciwo bai kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan matasa kusan rabi fashewa ce, rabi toshewa. A kan toshewar za mu tsaya.

Ga dattijo mai shekara 70, sau da yawa dalilin a fili yake, jijiyoyi sun tsufa. Ga matashi kuwa, jijiya ba ta toshewa haka kawai. Akwai abin da ya toshe ta, kuma muddin ba a gano shi ba yana nan yana jiran karo na biyu. A sallami matashi da asfirin da takardar gashin ƙashi ba tare da an nemi dalili ba, rabin aiki aka yi.

Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa: biyu manya a gaban wuya, waɗanda ake jin bugunsu a gefen maƙogwaro, biyu kuma a baya, suna ratsa ramukan ƙasusuwan wuya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da rumbu. Idan babbar jijiya ta toshe, an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Wanda ya san wahalar ruwan famfo a garin nan zai gane tambayoyin da likita ke yi wa kansa idan ruwa bai iso ba: tiyon ne ya lalace, ko injin da ke turo ruwan ne ke jefo tsakuwa, ko ruwan ne ya yi kauri? Jijiya, zuciya, jini.

Tansiyo tun ana da ƙuruciya

Littattafan Turai suna fara jerin dalilan matasa da abubuwa masu wuyar samu. A ƙasarmu hawan jini ne a gaba, da rata mai yawa, kuma binciken SIREN ya tabbatar da haka har ga ƴan ƙasa da 50. Hawan jini a baƙar fata yana farawa da wuri, yana zuwa da ƙarfi, ba ya kuma ciwo. Yakan shekara biyar ko goma yana dukan bangon ƙananan jijiyoyin can cikin ƙwaƙwalwa, bangon ya yi kauri, ramin ya tsuke, wata rana ya rufe. Tabon da yake bari ƙarami ne, bai kai santimita ɗaya da rabi ba, amma da yake a mararrabar igiyoyin motsi yake, sai ya ɗauke fuska da hannu da ƙafa gaba ɗaya.

Iyakar ita ce 14/9 a bakin ma'aikatanmu, wato 140 bisa 90. Awon yana da ƙa'ida: mutum ya zauna minti 5, bai sha shayi ko taba ba rabin awa kafin nan, hannu a jingine daidai da ƙirji, a auna sau biyu, a sake a wata rana. Idan damtse babba ne aka ɗaura masa ƙaramin mari, lambar za ta haura ta ƙarya. Matashin da bai kai 40 ba aka same shi da 16/10 ko fiye, dole a duba ƙodarsa: a auna fitsari a ga ko furotin na zuba, a auna kireyatinin da potasiyom a jini. Sannan a tambaye shi abin da yake sha, domin nan ne ake yawan samun ɓarawon. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum daga tiren mai talla suna ɗaga tansiyo, suna cin ƙoda. Ƙwayar deksametazon da wasu ƴan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, da mayukan canza fata masu irin wannan sinadari, suna kawo hawan jini da ciwon suga tare.

Gishiri kuma bai kamata ya wuce giram 5 a wuni ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, a haɗe da wanda ke ɓoye. Dunƙulen Maggi wajen rabinsa gishiri ne. Kanwa ma sodiyom ce, ko da harshe bai ji ta kamar gishiri ba. A haɗa da yajin tsire da kilishi, za a ga an ninka ƙa'idar tun kafin tuwon dare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha magani wata ɗaya, a auna a ga 12/8, a ce an warke. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari zai koma. Wani bincike mai suna CREOLE da aka yi a ƙasashen Afirka 6, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi saukar da tansiyon baƙar fata. Magani ne mai araha, sau ɗaya a wuni. Ciwon suga, wato giram 1.26 a lita ko fiye da safe kafin a ci komai, da yawan kitse a jini, da taba, hanyarsu ɗaya da hawan jini: suna ɓata bangon jijiya. Taba kaɗai tana ninka haɗarin, shisha kuma taba ce, ruwan tulun ba ya tace komai.

Zuciyar da ke jefo gudan jini

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne ake yawan kuskure, kuma a nan ne magani ya bambanta ƙwarai.

Labarin yakan fara ne tun ana firamare. Yaro tsakanin shekara 5 da 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, irin wanda ƙwayar cutar sitireptokok ke kawowa. A gida a ce belu ne, a kai shi wurin wanzami a cire. Maƙogwaron ya lafa da kansa, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Bayan mako 2 zuwa 3 sai gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya kama, ya saki, gwiwar hannu ta ɗauka. A ce sanyi ne. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar cutar, ta juya kan gaɓoɓi da ƙyauren zuciya. Gaɓoɓi suna warkewa sarai, ƙyauren zuciya ba ya mantuwa. Duk dawowar ciwon sai ya ƙara tabo, musamman a ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagu. Faɗin ƙofar nan a lafiyayye santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne. Idan ta tsuke ta koma 1.5 ko ƙasa, jini yana taruwa a ɗakin sama, ɗakin ya buɗe kamar salka, bugunsa ya rikice ya koma karkarwa. Jinin da ba ya gudu daskarewa yake yi. Wata rana ɓallin gudan ya fita, ya bi jijiyar wuya, ya maƙale a ƙwaƙwalwa. Mai shekara 25 ke nan, sau da yawa mace, sau da yawa kuma ciki ne ya fara tona ciwon da haki da tarin dare.

Abin takaicin shi ne allurar fenisilin mai daɗewa guda ɗaya, ko ƙwayar fenisilin ta kwana 10, a lokacin ciwon maƙogwaron farko, akasari ta isa ta tare wannan duka. Wanda ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa kuwa, allurar benzatin fenisilin ce, yunit miliyan 1.2 ga babba, kowane mako 3 zuwa 4, shekaru a jere, wani har ya kai 40 ko iya rayuwa. Duk allurar da aka tsallake ƙofa ce aka bari a buɗe.

Gano rikicewar bugu ba ya bukatar na'ura a matakin farko. A ɗora yatsu uku a wuyan hannu minti ɗaya cur. Idan bugun ba shi da tsari sam, wani da ƙarfi, wani a raunane, tazararsu ba ɗaya ba, a nemi awon ECG, wato zanen bugun zuciya, da eko na zuciya. Idan an tabbatar, asfirin ba ya wadatarwa. Maganin tsinka jini ake bukata, warfarin ko Sintrom, tare da awon INR, mai nuna yadda jinin ya tsinke, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 gudan jini zai sake haɗuwa, idan ya haura sosai kuma jini zai ɓalle. Sababbin magungunan da ba sa bukatar awo suna da daɗin sha'ani, amma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna cewa ga mai wannan ciwon ƙyaure tsohon maganin ya fi rivarokzaban, ɗaya daga cikin sababbin, kare rai. Mai shan warfarin ya san abu uku. Ganye irin zogale da rama da alayyafo suna rage ƙarfinsa, ba a ce a bari ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado, kada a yi mako babu sannan a wuni ana cin kwaɗon zogale. Maganin tarin fuka, rifampisin, yana kashe ƙarfinsa, Flagyl da kotirimokzazol kuma suna ƙara masa har jini ya zuba. Na uku, yana lahanta ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, don haka mace ta zo da zarar ta ga ɓatan wata a mayar da ita kan allurar heparin. Ƙaho da tsaga kuwa babu su ga mai wannan magani.

Sai ciwon zuciyar jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana shi, inda ya kai kusan haihuwa 1 cikin 100, adadin da ba a cika gani a wani wuri ba. Tsokar zuciya ce ke saki, daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da kashi 55 cikin 100 na jinin da ke ɗakinta a kowane bugu. Idan ta faɗi ƙasa da 35, jini yana kwanciya a ƙurya ya daskare. Alamun su ne haki, kumburin ƙafa, tari idan an kwanta, da kasa barci sai a zaune. Ana yawan cewa gajiyar haihuwa ce, ko jego ne bai karɓe ta ba, a ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi.

A yi adalci a nan. An daɗe ana ɗora laifin kan kunun kanwa da wankan jego, amma binciken da aka yi daga baya a Najeriya bai tabbatar da cewa su ne tushen ciwon ba. Ya fi nuna rama, talauci, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom, wanda tun 1992 aka lura da shi a matan Yamai masu wannan ciwo. Sai dai ko ba kanwa ce ta kawo shi ba, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar sodiyom ɗin da ke cikinta, ruwa zai taru a huhu. Mai jegon da ke haki a dakatar da kanwa, a kai ta a yi mata eko, kada a jira arba'in. Idan an ga gudan jini za a ba ta maganin tsinka jini, kuma warfarin ba ya hana shayarwa, amma wani irinsa mai suna Previscan yana hanawa. Sabon ciki kafin zuciyar ta murmure yana iya zama ajali, wannan magana ce da za a yi da maigida a zaune, ba da ita kaɗai ba.

Idan matashi mai ciwon ƙyaure ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, sannan ɓarin jiki ya shanye, a yi zargin ƙwayar cuta ta yi sheƙa a kan ƙyauren tana ɓallowa. Wannan maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ce ta mako 4 zuwa 6, tsinka jini kuma yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma ƴar ƙofar da ke tsakanin ɗakunan sama biyu, wadda ke rufewa bayan haihuwa amma take zama a buɗe ga mutum 1 cikin 4. Gudan jini daga ƙafa yana iya bi ta nan ya haye. A Turai ana yawan maganarta, ana ma toshe ta ta hanyar jijiya. A nan sai an kore duk na sama kafin a ɗora mata laifi, tunda miliyoyin masu ita ba abin da ke samunsu.

Amosanin jini

Duk yaro ko matashin da ɓarin jikinsa ya shanye a yankin nan, a yi masa awon elektroforez ko da iyaye sun ce ba shi da sikila. Ƙwayoyin jinin mai SS suna lanƙwashewa kamar lauje, suna gurzar bangon manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa har su tsuke. Ƙididdigar Amurka ta nuna kashi 11 cikin 100 na masu SS suna samun wannan ciwo kafin shekara 20, kashi 24 kafin 45, idan ba a yi rigakafi ba. Wanda ya samu sau ɗaya aka bar shi haka, kusan 2 cikin 3 yana maimaita musu.

Ana iya hango shi kafin ya zo. Akwai awon gudun jini da ake yi ta gefen kai, kusa da kunne, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta tsuke. Binciken STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini kowane wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90, sai dai wane gida ne a Tanut ko Gure zai iya wannan shekara da shekaru? Amsar da ta dace da mu daga Kano ta fito: binciken SPRING, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna ƙwayar hidroksiyuriya, ko da miligiram 10 ne a kowane kilo na nauyin yaro a wuni, tana ba da kariya mai kyau. Ana sha ana auna jini lokaci-lokaci, domin tana iya rage fararen ƙwayoyi. Ranar da ciwon ya auku kuwa, maganin gaggawa ƙarin jini ne, a sauke sikilar ƙasa da kashi 30, amma kada a ɗaga jinin ya wuce giram 10, don idan ya yi kauri toshewar ƙaruwa take. Zafin watan Afrilu da Mayu, gudawa, da zazzaɓin sauro su ne ke yawan tayar da shi, saboda jiki ya bushe.

Wuyan da ya murɗe

Wannan ana yawan tsallake shi. Bangon jijiyar wuya hawa uku ne. Idan wuya ya fizgu ko ya murɗe da ƙarfi, fatar ciki tana iya tsagewa, jini ya kutsa tsakanin bangon, ya matse hanya ko ya haɗa guda. A Turai wannan ne dalilin kusan 1 cikin 5 na toshewar matasa. A nan ga faɗuwa daga babur, ga kokawa inda ake kayar da mutum ta ka, ga samarin da ke ɗaga ƙarfe a unguwa, ga mai tausa ko maɗori da ke murɗa wuya har ya yi ƙara. Wani lokaci ma tari mai tsanani ya isa.

Abin da ke ruɗarwa shi ne tazara. Mutum ya faɗi ranar Talata ya tashi ya kakkaɓe, sai Juma'a ko mako na gaba hannu ya saki, ba wanda zai haɗa su. A tsakani akwai ciwon wuya ko na kai a gefe ɗaya wanda bai saba ji ba, fatar ido ɗaya ta ɗan sauka, ƙwayar idon ta ƙanƙance, ko ya riƙa jin bugun jini a kunne. Idan jijiyar baya ce, sai jiri, amai, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi kamar mashayi, shaƙuwa da sarƙewa. Irin wannan ake yi wa ƙarin ruwa a ce zazzaɓi ne ko taifot. Sikana ta kai kawai ba ta nuna tsagewar, sai an yi allurar rini an ɗauki jijiyoyin wuya, ko a yi musu eko. Akasari tana warkewa cikin wata 3 zuwa 6 da asfirin ko maganin tsinka jini.

Ciki, ƙwayar tazara da ɓari

Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojen tana kusan ninka haɗarin, amma ga lafiyayyar mace haɗarin tun asali ƙanƙane ne, ciki kansa ya fi ta haɗari. Matsalar tana wurin haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wannan ƙwaya ga mai tansiyo 16/10 ko fiye, ga mai shekara 35 ko fiye da ke shan taba da yawa, da kuma mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da gargaɗi, wato ta ga walƙiya ko zane mai karkace-karkace a ido na minti 5 zuwa 60 kafin kan ya sara. Ba a yawan yin wannan tambayar kafin a miƙa ƙwayar, alhali minti ɗaya take ci. Irin waɗannan mata suna da zaɓi: robar mahaifa mai tagulla, ko ashanar hannu bisa shawarar ungozoma.

Hawan jini bayan mako na 20 na ciki, da kumburin fuska da ciwon kai, shi ne mafarin jijjiga, kuma haɗarinsa ba ya ƙarewa da haihuwa. Mako 6 na jego jini yana da saurin daskarewa. Mai jegon da kanta ke ciwo kullum yana ƙaruwa, ta fara gani dishi-dishi ko ta yi farfaɗiya, wataƙila jijiyar da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa ce ta toshe, kuma zufar ɗakin jego ba tare da shan ruwa sosai ba tana taimaka wa hakan. Macen da ta yi ɓari uku a jere, ko ɗa ya mutu a cikinta ba dalili, ko ƙafarta ta taɓa kumbura da gudan jini, a nemi cutar garkuwar jiki da ake kira antifosfolipid. Awon sau biyu ake yi, mako 12 tsakani, maganinta kuma warfarin ne.

Cututtuka masu kumbura jijiya ma suna nan: sida, tunjere, tarin fuka idan ya hau kai, da sanƙarau, wanda jihar nan ta sake gani a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Awon sida da na tunjere ba zargi ba ne, ƙa'ida ce ga kowane matashi mai wannan ciwo, kuma duka biyun suna da magani. Hodar ibilis da ƙwayoyin hana barci irin amfetamin suna matse jijiya nan take. Tramol an fi saninsa da kawo farfaɗiya, bayan farfaɗiyar kuma ɓarin jiki yana iya saki na wasu awanni ya dawo, don haka a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha.

Ranar da abin ya faru

A ce ya yi murmushi, a ce ya ɗaga hannu biyu, a ce ya maimaita magana. Ɗaya ya gaza, a duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibiti inda ake da sikana. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota. Amma kada a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu, ko zuma, ko kunu, domin maƙoshi yakan mutu tare da hannun, abin ya bi ta huhu, kuma ciwon huhun nan yana cikin manyan masu kisa a makon farko. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, don idan fashewa ce an ƙara wa wuta mai. Kada a sa masa Adalate, ƙwayar saukar da tansiyo, a ƙarƙashin harshe. A toshewa, jiki da gangan yake ɗaga tansiyo don ya tura jini ta ƙananan hanyoyi, likita ma ba ya taɓa shi a kwanan farko sai ya wuce 22/12. Maganin narkar da guda awa 4 da rabi kawai yake da su, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma Yamai kusan kilomita 900 ce, don haka abin da aka yi a nan cikin awannin farko shi ne abin dogaro. Ko alamun sun wuce cikin minti 10 a je a ranar, gargaɗi ne, babban yakan biyo baya cikin kwana 2.

Sikanar awannin farko tana iya fitowa fes. Wannan ba ya nufin babu ciwo, yana nufin babu zubar jini, sai a fara asfirin miligiram 160 zuwa 300 bayan an gwada haɗiya. Neman dalili kuma daga mai araha ake farawa: suga a yatsa nan take, tunda faɗuwar suga tana kwaikwayon wannan ciwo, tansiyo a hannu biyu, sauraron zuciya, ECG, ƙidayar jini, elektroforez, kireyatinin, kitse, sida da tunjere, awon ciki ga mace. Sai eko na zuciya da na jijiyoyin wuya, waɗanda bai kamata a sallami matashi ba tare da su ba, ko da za a sayar da akuya.

Duk da haka, a kusan 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 ba a samun dalili a zagayen farko. Irin wannan ba a rufe takardarsa. Rikicewar bugun zuciya tana zuwa tana tafiya, sai a ɗaura masa na'urar da ke naɗar bugu ta awa 24 zuwa 72, a maimaita awon antifosfolipid bayan mako 12, ya ci gaba da asfirin da maganin kitse da na tansiyo. Ranar komawa ya zo da dukkan kwalayen abin da yake sha, har na gargajiya da na mai talla, kuma ya taho da ƴan'uwansa na ciki ɗaya a auna musu tansiyo da sikila.